Fari da Safe, Ja da Yamma

"...Lafiya ƙalau na tashi, sai da na ga fuskarka abin ya lalace."

"Ai ki gode wa Allah da kike ganinta. Kafin likita ya share miki idon nan, tankin ruwa kike gaisarwa kina ce masa angona."

"Tankin ya fi ka amfani. Shi ko ba komai yana ba ni ruwa. Kai me ka taɓa ba ni in ba ciwon kai ba?"

"Fure fa? Wa ya kawo miki fure?"

Yana ambaton furen nan Kaka ta ɗaure fuska, ni kuma na san dalili.

Bari in tsaya in warware muku, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ni maƙwabciyar Kaka ce, katanga ɗaya ta raba mu, ɗinki nake yi a shago. Wanda suke wannan musayar da shi jikanta ne, mai fenti. Ita ta laƙaba masa Buroshi tun yana ƙarami saboda gashin kansa da ya ƙi kwanciya, sai ga shi sana'a ta bi suna. Ya yi aure har da 'ya'ya, amma in suka haɗu shi ne ango ita ce amarya, kuma tun da nake ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya gaskiya ba.

Kwanan baya aka yi wa Kaka aikin ido, aka cire mata yana. 'Yarta, wato uwar Buroshi, wadda Kaka take kira Ta-Saman-Bene saboda a saman bene take zaune, ta riga ta yanke hukunci: in aiki ya yi kyau, Kaka ta ci gaba da zama a gidanta, in bai yi ba, a zuba 'yan haya, ita kuma a kwashe ta a kai ta can sama, inda ko ƙasa ba za ta ƙara takawa ba. Kaka kuwa a gidan nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yi jinyar mijinta har ya rasu. Ta ce in aka hau benen nan da ita, gawarta za a sauko da ita. Likita kuma ya ja mata kunne: in ta ga launin abu ya sauya mata, ko tana ganin ja-ja, kada ta zauna, ta koma da wuri.

Ranar da za a kwance mata bandeji abu ɗaya ta roƙa, ta ga fari. Ta ce ta yi shekaru duk wani farin abu kamar an wanke shi da ruwan shayi take ganinsa. Buroshi ya buga sammako wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ya ɗauko mata wani ɗan itace mai faffaɗan ganye da manyan furanni farare tas, ya dasa a tsohon bokitin fenti, ya ajiye a bayan tankin ruwa inda take shan iska ita kaɗai.

To da safiyar nan, ina ɗiga mata magani kafin ya iso, ta damƙe hannuna ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Sannan ta ce, "Tela, idona ya tafi. Furen nan da safe fari nake ganinsa, rana na ɗagawa sai ya fara yi mini ja-ja, da yamma kuwa jini sak. Garin neman gira na rasa ido." Na leƙa, ga fure fari fat kamar kullum. Ni da safe kawai nake shigowa in wuce shago, Buroshi ma haka yake leƙowa kafin ya tafi aiki. Ranar ce kaɗai muka wuni a gidan, ni keken ɗinkina yana wurin mai gyara, shi kuma ya zo yi mata fentin bango da ƙofa.

Ya jingine tsaninsa, ya zagaya bayan tanki, sai muka ji ya doka salati.

"Amarya! Zo nan ki yi mini bayani. Ina furannin jiya?"

"Ni ka ba ajiya?"

"Ga wuyansu nan duk an ƙwanƙwashe. Sababbi kawai nake gani. Kullum na zo haka nake tararwa, ina shiru ne don a zauna lafiya."

"Iska ce."

"Iska mai farce?"

"To tsuntsaye ne."

"Tsuntsun nan na san shi. Tsohon nan ne mai faci a bakin layi, wanda haƙorinsa ya rage na rantsuwa. In sayo fure da gumina, ki tsinka ki kai wa wani ƙato! Tela, ke shaida ce, yau auren nan ya mutu."

"Ya daɗe bai mutu ba. Mai faci ko ba komai in taya ta sace zai busa mata rai. Kai fa? Ka shafa wa bango ƙarya ka ce sabo ne."

"Ƙaryar ce ke ciyar da ke."

"Hawainiyarka ta kiyayi ramata, yaro. Ka je ka tsinto abin da masu fure suka zubar a kwata, ka zo kana yi mini gori. Araha ba ta ado."

Bakin nan nata yana aiki kamar kullum, amma ni da na san dawar garin na lura ko sau ɗaya ba ta dubi wajen furen ba. Wani abin kuma, tun da ya shigo ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ya ɗaure kai da tsumma tana kallo, ya buɗe bokiti yana juyawa tana kallo, ya hau tsani ta jawo kujerarta ta dawo inda za ta ga gefen fuskarsa. Baƙin tabaran da aka ba ta a asibiti ma ta ture shi saman goshi.

"Wai me kike kallo ne haka? Kin kafe ni da ido kamar kin ga sabon wata."

"Ina mamaki ne. Mutum ɗaya, kunne kamar marfin tukunya."

"Kunnen ne ya sa kika mace a kaina."

"Wa ya ce a yi fentin nan?" Muryarta ta sauya. "Uwarka ce ko? 'Yan haya ake yi wa kwalliya?"

"'Yan haya? Wane mai tsautsayi ne zai kama gidan da kika zauna? Ai ko kin tashi, faɗanki ya shiga bulo, da tsakar rana za su riƙa jin ana ce musu a rufe famfo. Ni na ga dama. Da ba kya gani, dattin bai dame ki ba. Yanzu da ido ya buɗe, ina tsoron ki ga irin gidan da na ajiye ki, ki nemi saki."

Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ni dai na sunkuyar da kai ina ƙarasa bakin wata riga da allura, na soke yatsana ya fi a ƙirga.

Da rana ta take, Kaka ta miƙe kamar za ta ɗebo ruwa, ta zagaya bayan tanki. Daga inda nake ba na ganin furen, ita nake gani. Ta tsaya cak. Ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan. Sai ta fizgo wani zane daga igiyar shanya ta lulluɓe itacen gaba ɗaya har bokitin. Na yunƙura zan je, ta watso mini wata harara da ta mayar da ni mazaunina.

Buroshi ya waiwayo daga saman tsani. "A'a! Fure ya shiga lalle ne?"

"Rana za ta ƙona shi."

"Itacen da aka haifa a bakin titi? Ko dai kishi kike, kin ga ya fi ki haske?"

Ta dawo ta zauna, ta nuna bokitin da ke rataye a jikin tsani, ta yi maganar kamar ba komai. "Wai wane launi ne ma kake shafa mini a bango?"

Jama'a, fari ne. Fari sol, har yana kashe ido. Amma wa ya gaya wa Buroshi ana amsa wa Kaka tambaya kai tsaye?

"Wannan? Kore ne shar. Irin na ganyen alayyafo. Ke me kike gani?"

Kaka ta sake duban bokitin. "Kore?"

"Kore mana. Haba amarya, kada ki ce mini likitan nan aikin banza ya yi. In gaya wa tsohuwata ta fara share miki ɗaki a sama?"

"Buroshi!" Ban san na daka masa tsawa ba. "Ka ji tsoron Allah! Kaka, wallahi fari ne."

"Ke kuma Tela ina ruwanki da faɗan miji da mata?" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ci gaba da jan buroshinsa, har da 'yar waƙa.

Kaka ta tashi ta shige ɗaki. Aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Ina jin motsinta, ana jan akwati, ana buɗe durowa ana rufewa. Ni ga rantsuwa ta ɗaure mini baki, ga wannan sakaran yana ta fito a saman tsani. Da ina da iko da na girgiza tsanin nan ya faɗo.

Sai bayan la'asar ta fito. Ta yafa mayafinta na fita unguwa, tana jan jaka da hannu ɗaya. Ta tsaya a gindin tsani ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin gidan, wanda ko 'yarta ba ta taɓa bari ta riƙe ba.

"Sauko ka karɓa."

"Me zan karɓa? Sadakina za ki mayar?"

"Ka kai wa uwarka. Ka ce ta yi nasara. Ta turo mota."

Buroshi ya dubi makullin, ya dubi jakar, ya dube ni. Ya sauko a hankali, fenti na ɗiga daga buroshi a kan takalminsa bai sani ba.

"Kaka, wasa kike?" Rabon da in ji ya kira ta Kaka har na manta.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idon bai yi ba. Na ɓoye, na ɓoye, na gaji."

"Don maganar kore? Wallahi tallahi fari ne! Tsokanarki nake!"

"Ba bangonka ba. Furenka. Tun da ka kawo shi, da safe in gan shi fari, da rana ya fara rinewa, da yamma ya zama jini. Abin da likita ya faɗa ke nan. Ni nake tsinke su kullum da yamma, ba na iya kwana suna kallona."

"Tsaya, tsaya. Wannan rigar da ke hannun Tela wane launi ce?"

"Fara."

"Haƙorana fa?"

"Waɗannan ko da can ba farare ba ne."

"To kin gani! Ta yaya ido zai lalace a kan fure kaɗai?"

"Ciwo sallama yake yi? A hankali yake shiga gida. Yau fure, gobe bango, jibi fuskarka. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba."

"Rimi ake cewa."

"Kai tsani gare ka."

Ya yi tsaki ya nufi bayan tanki, ni ma na bi shi. "Bari in nuna miki. Furen da ni da kaina na zaɓa, ni da launi ne abincina, fari tas kamar..." Ya fizge zanen.

Buroshin ya faɗi daga hannunsa. Ya ja da baya ya yi karo da ni, ni kuma na yi karo da tanki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ja ne. Ba ja-ja ba, jawur. Furannin nan da na gani da idona da safe farare kamar audugar asibiti, ga su nan a rassan da na bar su sun rine, wasu sun yi ja mai duhu, guda biyu da ke can ƙasan ganye suna ruwan hoda. Na murza idona na sake dubawa.

"Me kuka gani?" in ji Kaka daga baya. Ta ƙi matsowa.

"Me kika zuba masa?" Buroshi ya juyo idanu waje. "Tsohuwar nan, me kika zuba wa itacen nan? Maganin idonki? Jan-baki? Kin yanka kaza a gindinsa?"

"Na ce me ka gani?"

"Ja! Ja nake gani! Wayyo Allah, ko ni ne? Tela, duba idona. An daɗe ana gaya mini warin fenti zai taɓa ni. Jiya na yi wa wani mutum falo gaba ɗaya, ya ce fari yake so. Na shiga uku, me na shafa masa?"

"Ni ma ja nake gani," na ce.

"To ciwon nata ana ɗauka ne? Ke kike ɗiga mata magani, ni kuma ta wuni tana kallona. Shi ke nan, ta harbe mu! Amarya, haka ake yi? Ki makance ki tafi da angonki?"

Na zaci Kaka za ta yi tsalle don murna. Ina! Ta tsaya riƙe da makulli tana girgiza kai, idonta ya ciko.

"Allah ya yi maka albarka, Buroshi. Ka iya wasan kwaikwayo. Amma ka bari."

"In bar me?"

"Lallashina kake. Ka ga zan tafi, tausayi ya kama ka, shi ne kake cewa ja don in ji sanyi. Ɗazu ka ce bango kore ne, ka dawo ka ce fari. Yanzu fure ya zama ja. Tun kana rarrafe ba ka taɓa gaya mini gaskiya ba, sai yau?"

"Wallahi, Kaka..."

"Da wallahin ka ce mini an ba ka sarautar masu fenti ta duniya. Da wallahin ka ce likita ya manta almakashi a idona."

"To ga Tela, ai ita ba ta wasa da ke!"

"Tela ta ga ka ƙyafta mata ido. Bakinku ɗaya."

Nan fa ido ya raina fata. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: shekara da shekaru yana tara ƙarya a wurin tsohuwar nan, yau yana neman a sayi gaskiyarsa guda ɗaya, babu mai tayawa. Ya rantse da kabarin kakansa, ta ce ya bar bawan Allah ya huta. Ya ce a kira mai faci ya zo ya duba, ta ce ai yanzu ya gama cewa saurayinta ne, me zai faɗa in ba abin da zai faranta mata ba. Ta miƙa masa makulli a karo na biyu. Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar an miƙo masa garwashi.

Can sai na ga ya dubi buroshin da ke ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya tafi gindin tsani ya tsoma bakinsa a bokiti, ya dawo.

"Kin ce idonki ne yake rina fari ya koma ja ko?"

"Haka ne."

"Fentin nan kuma kin yarda fari ne?"

"In ji maƙaryaci."

"In ji idonki. Matso."

Ya kamo mafi girma a cikin furannin, ya tallafe shi a tafin hannu, ya bi rabinsa da farin fenti a hankali, da irin lallaɓawar da ban taɓa zaton hannun nan ya iya ba. Rabi ya bar shi yadda yake. Ya tsinko shi ya kawo mata daidai hancinta.

"To bismillah. Ga fari a jikin furen, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ido ɗaya. In idonki marini ne, rina wannan mu gani."

Kaka ta karɓa. Ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa. Ta rufe idon dama, ta rufe na hagu. Ta juya wa rana baya ta sake dubawa.

"Nan fari," ta ce a hankali. "Nan ja."

"Jira ki gani ko farin zai rine."

Ta jira. Leɓenta na motsi. Fenti ya gangaro mata a yatsa, ta dube shi, shi ma fari.

Ta saki makullin, ta zauna daɓas a kan jakar da ta haɗa. "La'ilaha illallahu! Ashe furen ne munafuki? Ashe ba ni ba ce?" Sai hawaye, sai dariya, sai ta koma salati. Ni ma ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

Buroshi bai tsaya nan ba, ya zaro waya ya kira mai furannin, ya sa kowa na ji.

"Malam, itacen da ka sayar mini aljanu gare shi! Fari na ce maka!"

"Wane itace? Au, kai ne mai fentin nan mai sauri? Ai da safe ka zo, da safe kuwa fari ne. Haka Allah ya yi shi. Ya buɗe fari, rana ta taɓa shi ya yi ruwan hoda, yamma ya yi ja, ya bushe, gobe wasu su buɗe. Don haka ma ake sayensa. Na fara yi maka bayani ka ce ba tarihi ka zo ji ba, kai ka san launi tun kafin a haife ni."

"Ni na faɗi haka?"

"Har ka ce in riƙe iliminka in ba 'ya'yana."

Ya kashe wayar da sauri, amma ina, ta riga ta shiga kunnen Kaka. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta gyara zama a kan jaka. Na ga tsohuwar da na sani ta dawo.

"Sarkin masu fenti na duniya! Wanda launi ne abincinsa! An aike ka sayen fari ka sayo hawainiya."

"Ke fa? Kika bi bayin Allah kina tsinke musu wuya kullum ba su ji ba ba su gani ba. Da kin bar guda ɗaya ya kwana, da na gan shi da safe an huta."

"Da ka zo gaishe ni da yamma ko sau ɗaya, kamar mazan kirki, da ka gani. Miji sai leƙe da safe kamar mai karatun mita."

"Da kin buɗe baki kin faɗa fa?"

"In faɗa wa wa? Kai? Kafin in rufe baki ka kai saman bene."

Ya sosa gashin nan nasa da ya ƙi kwanciya. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya ɗauki makullin da ya faɗi ƙasa, ya ɗaure mata shi a bakin zane da kansa, ƙulli biyu.

"Wai tsakani da Allah, kallon me kika wuni kina yi mini?"

Kaka ta dube shi.

"Guzuri nake yi. Na ce tun da duhu zai dawo, bari in tara fuskarka in tafi da ita. Shekarun nan duk dishi-dishi nake ganinka, ban san ka girma ka zama kakanka ba. Goshin, kunnen, har yadda kake cije leɓe in kana aiki. Ban gama kallo ba aka ce in mayar."

Buroshi ya sunkuyar da kai. Ya ce wai warin fenti ne ya shigar masa ido.

"To yanzu kin gama tarawa?" ya tambaya.

"Na fasa. Abin da za ka gani kullum me za ka tara? Munin yana nan ba inda za shi." Ta ɗaga yatsa ta nuna can saman ƙofa, kusa da rufi. "Kuma ka bar wani wuri can, kamar faɗin tafin hannu. Ka ɗauka makauniya kake yi wa aiki?"

Muka ɗaga kai. Sai da na ƙanƙance ido kafin na gano wurin. Yana nan kuwa.

Buroshi ya faɗi zaune a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. "Na sallama! Wallahi na sallama, amarya. Wannan wallahin ta gaske ce."

"Na sani. Na ga fuskarka." Ta cire baƙin tabaran asibiti daga goshinta, ta maƙala masa a hanci. "Ungo tukuici. A gidan nan kai ne mai ciwon ido. Tashi ka kai mini jakata ɗaki, ka hau ka ƙarasa aikinka. Ke kuma Tela jawo mini kujera nan gaban munafukin. Yau ba mai tsinke shi, ina so in ga iyakar jan da zai yi."